Tsofaffin Motocin da Ke Cikin Hotunan Gwajin Nukiliya: Me Suke Iya Tabbatarwa, Me Ba Sa Iyawa?

Shin hotunan nan da faifan bidiyon gwajin bam ɗin nukiliya, masu nuna gidan katako yana tarwatsewa da motoci suna hayaƙi a tsakiyar hamada, na gaske ne? In kuma na gaske ne, ta yaya za a san shekarar da aka ɗauke su da wurin da abin ya faru? Tambayar ta sake tasowa da ƙarfi a watan Yulin 2023, lokacin da attajirin fasahar nan na Amurka, Marc Andreessen, ya nuna shakku kan faifan a shirin hirar Joe Rogan. Hujjojin da aka yi ta yaɗawa daga nan guda biyu ne: yaya aka yi kyamara ta tsira alhali gida ya ruguje, kuma me ya sa ake ganin mota a bayan wani gida a wani sashe na faifan, a wani sashen kuma babu ita?

Motar da masu shakka suka riƙe a matsayin hujja tana cikin shaidu mafi ƙarfi da ke nuna lokacin da aka ɗauki irin waɗannan hotuna. Akwai masu sha'awar tsofaffin motoci da kan zauna su ƙura wa hoto ido har sai sun faɗi kamfanin da ya ƙera kowace mota da shekarar ƙirarta. Aikin nasu yana da amfani, amma yana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar ne ke jefa mutane cikin ruɗani.

Me ya kai motoci filin gwajin bam?

Amurka ta fara gwaje-gwaje a hamadar Nevada a watan Janairun 1951, a wani fili mai nisan kimanin kilomita 105 daga birnin Las Vegas. Daga lokacin zuwa 1992 an yi gwaji 928 a wurin, 100 daga ciki a sararin sama, sauran a ƙarƙashin ƙasa. Hotunan motocin da aka fi sani sun fito ne daga na sararin saman, waɗanda suka ƙare a Nevada a 1962, shekara guda kafin yarjejeniyar 1963 da ta haramta gwaji a iska da cikin ruwa da sararin samaniya. Wannan kaɗai ya taƙaita bincike: duk hoton da aka ce na fashewar bam ne a saman ƙasar Nevada, tsakanin 1951 da 1962 yake.

Ana auna ƙarfin waɗannan bama-bamai da kilotan. Kilotan ɗaya daidai yake da fashewar tan 1,000 na nakiyar TNT. Wanda aka jefa wa Hiroshima ya kai kimanin kilotan 15.

Motocin da ake gani iri uku ne, kuma rarrabe su shi ne matakin farko. Akwai waɗanda aka jera da gangan domin a ga abin da bam zai yi musu. Akwai na aiki, wato jif-jif da manyan motocin soja da bas-bas masu jigilar ma'aikata. Sai na 'yan kallo da 'yan jarida, waɗanda ake ajiyewa can nesa, kamar a tudun da ake kira News Nob.

Gwajin da ya fi tara motocin farar hula shi ne na ranar 17 ga Maris, 1953, mai laƙabin Annie, mai ƙarfin kilotan 16, wanda aka tayar a kan hasumiya mai tsawon ƙafa 300 a kwarin Yucca Flat. Hukumar kare farar hula ta tarayya ta shirya nata ɓangaren da sunan Operation Doorstep. Ta gina gidajen katako biyu, ɗaya a nisan ƙafa 3,500, ɗayan a ƙafa 7,500, ta zuba mutum-mutumi sanye da tufafi a cikinsu, sannan ta jera motoci 50 a tazara daban-daban. An nuna fashewar kai tsaye a talabijin. Gida na kusa ya zama tarkace, na nesa ya ji jiki amma bai faɗi ba. Shekara biyu bayan haka, ranar 5 ga Mayu, 1955, aka sake yin wani mafi girma, Apple-2, mai kilotan 29, inda aka gina ƙaramin gari da gidajen bulo da na katako da layukan lantarki da motoci. Wannan shi ne Operation Cue. Biyu daga cikin gidajensa suna nan tsaye har yau.

Mutane da yawa suna cakuɗa hotunan waɗannan gwaje-gwaje biyu, domin gidajen sun yi kama, hamadar ma ɗaya ce. A nan ne mota ke shigowa ta raba gardama.

Yadda ake karanta jikin mota

A wancan zamanin kamfanonin Amurka kan sauya fuskar motocinsu kusan kowace shekara domin su sa mai tsohuwa ya ji an bar shi a baya. Wannan dabarar kasuwanci ce ta zama alheri ga mai bincike a yau.

Ana farawa da fasalin bodi gaba ɗaya. Motar shekarun 1930 doguwa ce a tsaye, tana da matakala a gefe, madigadinta a ware yake da jikinta, fitilunta kuma sau da yawa a tsaye suke daban kamar idanun kwaɗo. Zuwa ƙarshen waɗannan shekarun fitilun suka nutse cikin madigadi, matakalar ta fara ɓacewa. Bayan yaƙin duniya na biyu sai gefen mota ya zama shafaffe daga gaba har baya; Ford ƙirar 1949 ita ce misalin da kowa ke kawowa.

Daga nan sai gilashin gaba, wanda ya fi komai sauƙin gani ko da hoton ya yi dishi-dishi. Tsofaffin motoci gilashinsu biyu ne, da ƙarfe a tsakiya. Ford ta koma gilashi ɗaya a ƙirar 1952, Chevrolet a ta 1953. Gilashin da ya lanƙwaso har gefe ya yaɗu a Buick da Oldsmobile da Cadillac na 1954, ya kai ga Chevrolet da Ford a 1955. Saboda haka idan ka ga Chevrolet mai lanƙwasasshen gilashi a hoton da aka rubuta wa Maris 1953, rubutun ƙarya ne ko kuskure, domin ba a ƙera ta ba tukuna a lokacin. Fitilu huɗu a gaba kuma sun yaɗu ne a ƙirar 1958.

Sai ragar gaba da kayan ado, inda masana suka fi nuna gwaninta. Ford ta 1949 da 1950 tana da wani dunƙulallen ƙarfe guda ɗaya a tsakiyar raga, ta 1951 tana da biyu. Studebaker ta 1950 da 1951 hancinta a tsinine yake kamar na jirgin sama. Buick tun daga 1949 tana da 'yan ramuka a jere a gefen gaba, kuma har zuwa 1954 yawansu na faɗin matsayin motar: huɗu na babbar Roadmaster ne, uku na ƙanananta. Buick ta 1950 kuwa haƙoran ragarta sun sauko har kan bamba, ba ta ɓuya. Pontiac tana da ratsin azurfa da ya bi tsakiyar bonet. Nash ta 1949 ta rufe tayoyinta na gaba da bodi. Cadillac ta fara ɗaga 'yan fukafukai a baya a 1948. Akori-kurar Chevrolet daga 1947 zuwa 1953 sanduna biyar ne kwance a ragarta, a 1954 aka sauya.

Ko motocin soja suna magana. Jif ɗin Willys na lokacin yaƙi ragarsa tsaga tara ce, na bayan yaƙi bakwai, kuma samfurin M38A1 mai zagayayyen madigadi bai fito ba sai 1952.

Akwai wani abu da ke rikita sabon shiga: ƙirar shekara takan shiga kasuwa tun a ƙarshen shekarar da ta gabace ta. Chevrolet ƙirar 1955 ta fito ne a watan Oktoban 1954. Don haka ganinta a hoton farkon 1955 ba abin mamaki ba ne.

Inda shaidar mota ke tsayawa

Mota tana iya cewa ba a ɗauki hoton nan kafin shekara kaza ba. Ba ta iya cewa a shekara kaza aka ɗauke shi. Wanda ya ga Fijo 504 a hoto ya ce lallai hoton na farkon shekarun 1970 ne ya yi gaggawa, domin an ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa, kuma har gobe tana kan hanya. A filin gwaji matsalar ta fi tsanani, domin wanda zai sadaukar da mota ga bam ya fi sauƙin bayar da tsohuwa. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a nemi mota mafi sabunta a cikin hoton, a yi watsi da tsofaffin. Ita ce ke kafa iyakar.

Sannan akwai giɓin yaƙi. An dakatar da ƙera motocin farar hula a Amurka a watan Fabrairun 1942, ba a dawo ba sai a rabin ƙarshe na 1945. Da aka dawo, yawancin kamfanoni ƙirar 1942 suka ɗan yi wa kwaskwarima suka ci gaba da sayarwa har 1948. Plymouth daga 1946 zuwa farkon 1949 kusan ba ta sauya ba. Sai da lambar jikinta ake bambance shekarunta, lambar kuwa ba ta fitowa a hoto daga nesa. Duk wanda ya kalli irin wannan motar a hoto mai duhu ya yanke mata shekara guda, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin idonsa. Sai dai motocin ƙarshe da aka ƙera a farkon 1942 suna da wata alama: an shafe kayan adonsu da fenti saboda an tanadi ƙarfe mai ƙyalli domin yaƙi.

Lambar jiki kuwa, idan aka same ta, ta gama magana. Misali mafi shahara ba mota ba ce, tankar yaƙi ce ƙirar Centurion mai lamba 169041, wadda aka ajiye a filin gwajin Birtaniya na Emu Field da ke Ostireliya a watan Oktoban 1953, ƙasa da rabin kilomita daga inda bam ya tashi, injinta na aiki. Ta tsira, aka gyara ta, daga baya sojojin Ostireliya suka kai ta yaƙin Vietnam. Da lamba aka bi sawunta a takardu, ba da kamanni ba.

Kamanni ma na iya yaudara game da ƙasa. Tarayyar Sobiyet ta yi nata gwajin na farko ranar 29 ga Agusta, 1949, a Semipalatinsk da ke Kazakhstan, ita ma ta jera tankoki da jirage da motoci. Motarta Pobeda, mai gangararren baya, ta yi kama da wasu motocin Amurka na lokacin. Sojojin Faransa kuma suna da jif ƙirar Hotchkiss wanda kwafin Willys ne da lasisi, aka yi ta ƙera shi har cikin shekarun 1960. Jif a cikin yashi bai isa ya ce Nevada ba. Dole a duba tsaunukan da ke bayan hoton, da irin itatuwan wurin, da kakin mutanen. A duba ɓangaren da sitiyari yake, domin na motocin Birtaniya da Ostireliya a dama yake, tare da tuna cewa ana iya buga hoto a juye. Launin fenti kuwa a bar shi gefe, domin wasu hotuna masu launi da ke yawo yanzu daga baya aka shafa musu launin da kwamfuta.

To, ina batun kyamara da motar da ta ɓace?

Amsar kyamara a rubuce take tun lokacin. Hotunan rushewar gidan Annie na kusa, daga na farko zuwa na ƙarshe, daƙiƙa biyu da sulusi kawai suka ɗauka. Kyamarar tana cikin rigar dalma mai kaurin inci 2 domin kada tururin nukiliya ya ƙona fim ɗin, kuma hasken bam ɗin ne kaɗai ya haska wurin. Irin waɗannan kyamarori a kan ƙarafan da aka kafa da kankare ake ɗaure su, ƙanana ne, an yi su ne domin su jure. Gidan kuwa katako ne mai faffaɗan bango da ke tare iska. Kamfanin EG&G da ɗakin shirya fim na rundunar sojan sama da ke Lookout Mountain a Los Angeles, aikinsu ke nan shekara da shekaru. Kuma ba a ƙarƙashin bam ɗin aka kafa kyamarar ba. Tana fiye da kilomita guda daga gare shi.

Hayaƙin da ake gani yana tashi daga jikin gida da mota kafin komai ya motsa shi ma ba dabarar fim ba ce. Haske da zafi ne ke fara isowa nan take su babbake fenti, igiyar iska mai rushewa ta biyo baya.

Batun mota kuwa yana da nasaba da agogo. An tayar da Annie da ƙarfe 5:20 na asuba, Apple-2 da ƙarfe 5:10, duka kafin fitowar rana. Duk wani sashe da ke nuna gidan zaune lafiya cikin hasken rana, ba a daƙiƙar fashewar aka ɗauke shi ba. An ɗauka ne tun da farko, masu tace fim suka liƙa shi a gaba domin mai kallo ya ga yadda wurin yake. Tsakanin ɗauka biyun ma'aikata na ta kai-komo, ana kawo motoci ana matsar da su. Wanda ya lura da motar ya yi gaskiya cewa an haɗa faifan. Kuskurensa shi ne ɗaukar haɗi a matsayin ƙirƙira.

Hujja mafi nauyi ita ce asalin fina-finan suna nan. Amurka ta yi gwaji 210 a sararin sama, aka ɗauki fina-finai kusan 10,000. Masanin kimiyya Greg Spriggs na cibiyar Lawrence Livermore ya jagoranci kwafe su zuwa kwamfuta kafin su ruɓe, kuma a watan Maris na 2017 aka fara sakin wasu a YouTube.

Abin da aka so jama'a su gani, da abin da ba a nuna ba

Akwai masu ganin cewa tsayawa ƙirga haƙoran Buick a gaban makamin da ya hallaka dubban mutane a Japan wasa ne da abin kuka. Masu yin aikin kuma suna cewa hoton da ba shi da kwanan wata ba ya iya zama shaida, kuma gyara rubutun da ke ƙarƙashin hoto hidima ce ga tarihi. Ni ina tare da na biyun, da sharaɗi guda: a tambayi dalilin da ya sa aka ajiye motar a wurin.

Operation Doorstep aikin kimiyya ne, amma kuma aikin lallashin jama'a ne. Saƙon da aka fitar shi ne motar iyali na iya ba da ɗan kariya idan tana da 'yar tazara daga inda bam ya faɗi, kuma gara a bar gilasai a buɗe domin kada matsin iska ya lotsa rufi ya watsa gilashi a kan na ciki. Shawarar tana da tushe, amma kan bam mai kilotan 16 aka gina ta. Wata huɗu da rabi kafin nan, ranar 1 ga Nuwamba, 1952, Amurka ta riga ta tayar da bam ɗin haidurojin a Enewetak da ke tekun Pasifik, mai ƙarfin da ya haura kilotan 10,000. Masu shirin sun san haka. Ko a ƙananan bama-baman ma lissafin bai tsaya wuri guda ba: gwajin Grable na 25 ga Mayu, 1953, a Nevada, wanda aka harba daga igwa, kilotan 15 ne kawai, amma da yake ya fashe kusa da ƙasa sai ya yi wa motocin soja ɓarnar da ta fi ta Encore mai kilotan 27 da ya fashe can sama makonni biyu da 'yan kwanaki kafinsa.

Akwai kuma motocin da ba su shiga fina-finan ba. Bayan gwajin Simon na 25 ga Afrilu, 1953, ƙura mai guba ta sauka a kan manyan hanyoyi, jami'ai suka kafa shingaye suna auna motocin matafiya suna tura wasu wanki. Ranar 19 ga Mayu gwajin Harry ya lulluɓe garin St. George na jihar Utah, aka yi sanarwa a rediyo cewa mutane su zauna a ɗaka. A wannan bazarar dubban tumaki suka mutu a hannun makiyayan yankin, gwamnati ta musanta cewa gwajin ne sanadi. Kamfanin Kodak kuwa, da ya yi ƙorafi a 1951 cewa ƙurar na ɓata masa fim, hukumar nukiliya ta amince ta riƙa sanar da shi tun kafin a yi gwaji. Makiyayan ba su sami wannan gatan ba. Sai a 1990 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar biyan diyya, dala 50,000 ga mazauna wasu yankunan da suka kamu da wasu nau'o'in sankara.

Me ya shafi mai karatu a yau?

Na farko, dabarar kanta. Duk lokacin da rikici ya tashi tsakanin manyan ƙasashe, tsofaffin hotunan nan kan dawo Facebook da WhatsApp da sabon rubutu a ƙarƙashinsu, a ce ga abin da ya faru jiya a ƙasa kaza. Mai iya kallon mota ba ya buƙatar kowa ya faɗa masa cewa filin da babu ko mota ɗaya ta bayan 1955 a cikinsa ba na jiya ba ne. Hotunan da ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa ma sukan fallasa kansu ta nan: gaban wata mota, bayan wata, gilashin wata shekarar daban.

Na biyu, wannan tarihin ya taɓa yankinmu. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a kusa da Reggane da ke Saharar Aljeriya, mai ƙarfin kimanin kilotan 70, wato ya ninka na Hiroshima fiye da sau huɗu. Gwaji 17 ta yi a Aljeriya zuwa 1966, huɗu a sararin sama. Ghana ta daskarar da kadarorin Faransa domin nuna fushi, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ta kori jakadan Faransa daga Legas a watan Janairun 1961 bayan gwaji na uku. Faransawa su ma sun jera motoci da kayan yaƙi a filin domin auna ɓarna. Da za su tafi, sun binne wasu gurɓatattun kayan a cikin yashi, wasu ƙarafan kuma aka bar su a fili, mutanen yankin suka yi ta kwasa suna amfani da su ba tare da sanin haɗarinsu ba. Aljeriya ta daɗe tana neman Faransa ta miƙa mata taswirar wuraren da aka binne sharar. Muddin taswirar ba ta fito ba, tantance irin motocin da aka jera a Reggane daga tsofaffin hotuna na cikin hanyoyin da za a iya bi a ƙiyasta abin da ke ƙarƙashin yashin da kuma abin da ya riga ya shiga kasuwar gwangwan.